Giyar Hatsin Rai a Bavariya, Daga Injin Niƙa Zuwa Kofi

Daga Munik zuwa Regensburg, a jihar Bavariya ta kudancin Jamus, kimanin kilomita 125 ne a mota. Ana bin babbar hanyar A9 zuwa arewa, a mararrabar Holledau a hau A93, daga nan kuma ƙasar ke sauya kama. Hagu da dama gonaki ne da aka kakkafa wa dogayen sanduna masu tsayin mita bakwai, an ja wayoyi a sama, wata shuka mai yaɗo ta nannaɗe su har ƙoli. Ita ce hof, wadda furenta ke ba giya ɗaci da ƙamshi. Sunan yankin Hallertau, kuma babu wani wuri a duniya da ya tara gonakin hof a haɗe kamarsa. A farkon Satumba na ratsa, ana tsakiyar girbi, taraktoci na jan tirela cike da yaɗo zuwa rumfunan tsinka, iska duk ta ɗauki warin ɗanyen ganye mai kama da ƙaro.

Ba hof ce ta kai ni ba. Sana'ata tsirar da dawa ce, irin tsiron da masana'antun lemon malt da na giya ke saye, abin da ya ja ni kuma wani hatsi ne da ba ma nomawa, wanda Jamusawa ke kira Roggen, mu kuma muke ce masa hatsin rai. Na san mafi yawan masu karanta Hausa ba sa shan giya, addini ya hana. Ni daga gidan Kirista na fito, na ɗanɗana, zan kuma faɗi abin da harshena ya ji. Amma kaso mafi girma na aikin nan aikin hatsi ne da ruwa da wuta, irin wanda duk mai dama kunun zaƙi da tsiro za ta gane.

Na kwana a Regensburg, kusa da tsohuwar gadar dutse da aka gina kan kogin Danub tsakanin 1135 da 1146. Da asuba na nufi wata ƙaramar madafar giya a wani ƙauye kudu da birnin. Mutum uku ne kawai ke aiki a cikinta, tukunyarsu na fitar da lita 1,000 a dafi ɗaya, kuma sau huɗu ko biyar a shekara suke dafa giyar hatsin rai, wato Roggenbier. Mai madafar ya ce in zo da takalmin roba, kada kuma in sa ran komawa kafin magariba.

Kafin a kunna komai sai ya zuba min ƙwayar a tafin hannu. Siririya ce, doguwa, launinta toka-toka da ɗan kore, ba ta kai alkama ƙiba ba. Abin da ido zai fara lura da shi shi ne tsirara take. Sha'ir yana zuwa da ɓawonsa manne a jiki, hatsin rai kuwa a wurin sussuka yake yar da nasa, kamar alkama da dawa. Wannan rashin ɓawo shi ne rabin wahalar ranar. Tun a wurin tsirarwa ake fara jin ta: ƙwayar na shan ruwa da sauri, ɗan tsiron da ke fitowa ba shi da abin kariya, in an juya da ƙarfi ya karye, in ba a juya ba ya dunƙule ya yi zafi. Shi ya sa ƙananan madafai ba sa tsirarwa da kansu. Buhunan da na gani daga Weyermann suke, kamfanin tsiro na birnin Bamberg da aka kafa a 1879. Akwai kuma abin da masu sayen hatsin ke bincikawa tun daga gona, wani baƙin naman gwari mai kama da ƙaho da ke fitowa a zangarniya maimakon ƙwaya. Mutterkorn suke ce masa. Guba ne, a zamanin da ya kashe jama'a da yawa a Turai ta hanyar burodi. Danginsa ne ke sa zangarniyar gero ko dawa ta riƙa zubar da ruwa mai danƙo kamar zuma a shekarar da damina ta yi yawa.

Ga abin da aka auna ranar, kilo 200 cif: tsiron hatsin rai kilo 100, tsiron sha'ir mai ɗan duhu da ake kira na Munik kilo 60, farin tsiron sha'ir kilo 28, tsiron karamel kilo 10, sai gasasshen tsiro baƙi ƙirin kilo 2 don launi kawai. Rabi da rabi ke nan. Wasu suna kai hatsin rai kashi 60 cikin 100, wasu suna tsayawa a 30. Sha'ir ɗin ba don ɗanɗano kaɗai aka sa shi ba, ɓawonsa ake nema, domin shi ne zai zama rariyar da za a tace komai ta cikinta.

Saboda haka ba a niƙa su tare. Sha'ir aka fara yayyafa wa ruwa kaɗan, kimanin lita 2 ga kilo 100, aka bar shi minti goma ɓawon ya yi laushi, sannan aka wuce da shi tsakanin naɗoɗin injin da tazarar da ta ɗan haura milimita ɗaya. Ƙwayar ta fashe, ɓawon ya fita kusan sukutum. Da aka zo kan hatsin rai sai aka matse tazarar ƙasa da milimita ɗaya, saboda siririn hatsi ne, a faɗin tazarar sha'ir zai sulale ya wuce bai fashe ba, a yi asarar sitacinsa. In kuma aka matse fiye da kima ya zama gari, garin nan zai koma laka a ƙasan tukunyar tacewa. Mai madafar ya ɗebi niƙan sau uku yana bajewa a kan farar takarda kafin ya yarda injin ya ci gaba.

Ruwan kwaɓi lita 800 ne, wato lita huɗu ga kowane kilo. Ya fi na giyar sha'ir ruwa-ruwa, da gangan. An zuba niƙan ruwan na digiri 45, aka tsaya a nan minti ashirin. Wannan tsayuwar ta farko tana da amfani biyu. Na ɗaya, a wannan zafin ne sinadaran tsiro ke sakin wani asid da ke ɗaure a bangon ƙwayar, sunansa ferulik, wanda daga baya yis zai mayar da shi ƙamshin kanumfari. In aka tsallake ta, kanumfarin zai yi rauni a kofi. Na biyu, tana rage wani ɓangare na danƙon hatsin. Daga nan aka hau digiri 63 aka zauna minti arba'in, inda sitaci ke komawa sukarin da yis ke iya ci. Sai digiri 72 minti talatin, inda ragowar sitacin ke narkewa ya bar wani sukari mai nauyi da yis ba ya ci, shi ke ba giya jiki. Ya ɗiga kwaɓin a farin faranti ya sa masa aidin. Da akwai sauran sitaci da ya koma shuɗi mai duhu. Bai sauya ba, sai aka hau 78 aka kashe wuta. Ba a wuce 78, domin sama da haka sinadarin da ke narka sitaci mutuwa yake yi, ɓawo kuma ya fara sakin bauri.

A nan na ga bambanci da aikinmu na dawa. Sitacin dawa ba ya kumbura sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko sama, a lokacin kuwa sinadaran narkarwa sun fara mutuwa, shi ya sa muke tsiyaye ruwan sama mai ɗauke da su mu ajiye, mu dafa gindin, sannan mu mayar. Hatsin rai ba ya neman wannan dabarar, sitacinsa na buɗewa da wuri. Tasa matsalar daban ce: yauƙi.

Ban taɓa ganin kwaɓi irinsa ba. In ka ɗaga ludayi ka tsiyaye, ruwan ba ya yankewa, zare yake yi kamar miyar kuɓewa ko karkashi. Dalilin wani sinadari ne a bangon ƙwayar da masana ke kira fentosan, wanda hatsin rai ya fi sauran hatsi yawan mai narkewa a ruwa. Yana riƙe ruwa ninkin nauyinsa sau da yawa. Masu gasa burodi suna ƙaunarsa, shi ne ke sa burodin hatsin rai ya yi kwanaki bai bushe ba. A madafa kuwa kaurin ruwan yana ninka na sha'ir sau biyu ko fiye. Shi ya sa mai juya kwaɓin ba ya tsayawa ko na minti ɗaya in ana ƙara zafi, in ya tsaya kwaɓin ya kama gindin tukunya ya ƙone, warin ƙauri kuma ba ya fita daga giya. Amma ba a juyawa da gudu, domin in iska ta shiga, fentosan ɗin sarƙewa yake da junansa ya ƙara kauri. Akwai sinadaran da ake sayarwa a kwalba waɗanda cokali kaɗan zai tsinka yauƙin nan, masana'antunmu a Najeriya suna amfani da ire-irensu kullum. Dokar giya ta Jamus ba ta yarda da su ba.

Wajen ƙarfe tara aka tura kwaɓin cikin tukunyar tacewa. Faffaɗar tukunya ce mai ƙasa biyu, ta saman faranti ne mai siraran tsagu da ba su kai milimita ɗaya ba. An riga an cika ƙarƙashin farantin da ruwan zafi don kada tukunya mai sanyi ta sace zafin kwaɓin, domin da zafi ya sauka ko da digiri biyar ne kaurin ƙaruwa yake. Aka bar shi minti ashirin ɓawo ya kwanta. Sannan aka buɗe famfo kaɗan, ana mayar da ruwan farko mai gurɓi ta sama har ya fara washewa. Kusa da famfon akwai bututun gilashi biyu, ɗaya na nuna tsayin ruwa a saman dusa, ɗaya na nuna matsin da ke ƙasa. Idon mai madafar bai bar su ba. In tazarar da ke tsakaninsu ta fara faɗi, alama ce famfo na tsotso fiye da abin da dusa ke saki, shimfiɗar tana matsewa.

Bayan minti arba'in ruwan ya tsaya cak. Yaron da ke koyon aiki ya ɗan ƙara buɗe famfon don ya ga gudu ya ragu, wannan ƙarin ne ya janyo dusar ta manne da farantin. Babu faɗa, an san hali. Aka rufe famfo, aka turo ruwa mai digiri 78 ta ƙasa don ya ɗaga shimfiɗar, aka saukar da wuƙaƙen da ke zagaya cikin tukunyar suka tsattsaga dusar har kusa da gindi, aka jira minti goma, aka sake mayar da gurɓataccen ruwa ta sama. Sau biyu aka yi haka ranar. Tacewar da ke ɗaukar awa biyu a giyar sha'ir ta ci awa huɗu da rabi, har da lita 500 na ruwan ɗauraya da aka riƙa yayyafawa kaɗan-kaɗan. A Amurka da sauran wurare buntun shinkafa suke zubawa, kilo biyar zuwa goma ga kilo ɗari na tsiro, bayan an wanke shi, don ya buɗe hanyar ruwa. Wannan madafar ba ta sa shi, ɓawon sha'ir da haƙuri kawai ta dogara da su.

Cikin wannan dogon jira muka yi maganar yadda giyar ta ɓace. A da can mutanen ƙasar da duk hatsin da suka samu suke dafi, hatsin rai kuwa shi ne na talaka, yana yi a ƙasa mai yashi da sanyin da alkama ba ta jurewa. Ran 23 ga Afrilu 1516, a garin Ingolstadt, sarakunan Bavariya Wilhelm na huɗu da ƙanensa Ludwig na goma suka fitar da dokar da ta ce ba a sa komai a giya sai sha'ir da hof da ruwa. Yau ana kiranta dokar tsarkin giya, amma wanda ya karanta ta zai ga yawancinta maganar farashi ce: fenik ɗaya, ƙaramin kuɗin lokacin, a kan mudun giya daga ƙarshen Satumba zuwa 23 ga Afrilu, fenik biyu a sauran watanni. Ware sha'ir kuwa hanya ce ta barin alkama da hatsin rai ga masu burodi, kada masu dafi su tsadar da abincin jama'a. Alkama ta samu ƙofa: a 1548 aka ba wani gidan masu sarauta mai suna Degenberg izinin dafa giyarta, a 1602 kuma gidan sarautar Bavariya ya karɓe wannan izinin ya mayar da shi hanyar samun kuɗi. Hatsin rai bai samu mai tsaya masa ba. Sai a 1988 wata madafa a garin Schierling, kudu da Regensburg, wadda a lokacin take hannun gidan Thurn und Taxis, ta fito da shi kasuwa. Dokar yanzu ta yarda a sa tsiron wani hatsi in dai da yis mai tasowa sama za a yi aiki. Shekarar ta tsaya min a rai, domin a 1988 ɗin ne gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir, masana'antu suka koma kan dawa, irin SK5912 da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar ya samu kasuwa. Mu ma da hatsi marar ɓawo muka yi ta fama, har manyan masana'antu suka koma tacewa da injin matsa mai yadudduka.

Mai madafar ya ɗebo min ruwan farko a ƙaramin kofi. A wannan matakin babu ko ɗigon barasa a ciki, ruwan tsiro ne zalla, kowa na iya sha. Zaƙinsa ya kai na lemon malt, amma ya fi shi santsi, yana lulluɓe harshe, da ƙamshin ɓawon burodi da ɗan warin ƙasa bayan ruwan farko.

Tafasar ba ta da wani dogon labari. Minti 75, da hof kilo ɗaya da gram 200 na irin Hallertauer Mittelfrüh, mafi yawansa tun farko. Kaɗan ne ƙwarai, ɗacin da ake nema bai kai rabin na Pils, farar giyar nan mai ɗaci, ba. Abin lura ɗaya shi ne mintocin farko, ruwa mai kauri yana yin kumfa ya taso kamar madara a wuta, sai mutum ya tsaya da tiyon ruwan sanyi a hannu. A ƙarshe ma'auni ya nuna 12.5 a ma'aunin Plato, wato a kowane kilo 100 na ruwan akwai kilo goma sha biyu da rabi na sukari da sauran abin da ya narke daga hatsi.

Aka sanyaya shi zuwa digiri 17, aka busa masa iska mai tsabta, aka zuba yis mai kauri lita huɗu. Yis ɗin giyar alkama ne, irin da ake kira lamba 68 na Weihenstephan, makarantar koyon dafi da ke Freising. Abu biyu yake haifarwa, ƙamshin kanumfari da ƙamshin ayaba, kuma zafi ne ke raba musu gado. A digiri 17 zuwa 18 kanumfari ke gaba. In aka bari ya haura 22, ko aka rage yawan yis, ayaba ta danne komai. Tankin buɗaɗɗe ne, an bar kashi ɗaya cikin uku babu komai saboda kumfar da ke tasowa rana ta biyu, ana kwashe baƙin dattin da ke samanta da matsami kowace safiya. Kwana biyar zuwa shida ma'auni ke sauka wajen 3, barasa ta tsaya kusan kashi 5 cikin 100. Ba a tace ta. Ana ajiye wani kaso na ruwan tsiron da ba a sa wa yis ba, a zuba a ciki ranar ɗurawa, yis ɗin da ya rage ya cinye shi a cikin kwalba ya samar da gas. Mako ɗaya a ɗaki mai digiri 20, sannan mako biyu zuwa uku a sanyi.

Da yamma, bayan an wanke tukwane, ya fito da kwalabe uku daga dafin baya. Kofin dogo ne mai siririn ƙugu da faɗin baki, na rabin lita. Ya ɗauraye shi da ruwan sanyi bai goge ba, ya karkata shi, ya zuba a hankali ta gefe har saura yatsa biyu a kwalba, ya jujjuya kwalbar don yis ɗin da ya kwanta ya tashi, ya juye a kai. Zafin giyar wajen digiri 9. In ta fi haka sanyi ƙamshin kullewa yake.

Ta farko makonta shida da ɗurawa. Launinta ja mai duhu kamar shayin da ya daɗe a buta, ba a ganin yatsa ta bayan kofin. Kumfar ba fara fat ba ce, ta ɗan yi ruwan ƙasa, mai kauri, ta kai yatsa uku, kuma har na gama ba ta kwanta ba, tana barin zobe a jikin gilashi bayan kowace kurɓa. A hanci kanumfari ne ya fara zuwa, sai ɓawon burodi mai duhu, can baya ɗan ayaba da ba ta gama nuna ba. A baki kuwa abin da ya fara kama ni ba ɗanɗano ba ne, nauyi ne. Yauƙin nan da ya tsayar da mu awa huɗu da rabi shi ne ya zo ya zama santsi, giyar na tafiya a harshe kamar an ɗiga mata mai, gas ɗin mai yawa kuma yana yanka ta don kada ta gundura. Zaƙin tsiro na zuwa da farko, ɗan tsami kaɗan a tsakiya irin na burodin da aka kwaɓa da tsohon ƙulli, sannan ta ƙare a bushe, da ɗan kaifi a maƙogwaro mai kama da na masoro. Ɗacin hof sai ka neme shi.

Ana yawan cewa hatsin rai yaji gare shi. A ganina an cika faɗa. Yawancin abin da mutane ke kira yaji daga yis yake, wato kanumfarin nan, wani kuma tunanin burodi ne, don a Bavariya ana yawan barbaɗa wa burodin hatsin rai ƙwayar Kümmel mai ƙamshi, sai hanci ya haɗa su. Na tauna ɗanyen tsiron da safe, abin da ke cikinsa ƙamshin ƙasa ne da na hatsi da wannan bushewar ta ƙarshe. Wanda ya zuba Kümmel a tukunya don giyarsa ta yi kama da burodi ya rufe ainihin abin da ya sha wahala a kai.

Kwalba ta biyu daga dafin watan Yuli ce, lokacin da na'urar sanyaya tanki ta samu matsala dare ɗaya zafi ya kai digiri 24. Hatsi ɗaya, hof ɗaya, amma kamar wata giya daban. Ayaba nunanniya ta cika hanci har da wani ƙamshi irin na cingam, kanumfari ya ɓuya, kuma da yake babu kaifin da zai tare zaƙin, santsin ya koma nauyi, rabin kofi ya ishe ni. Bai sayar da ita da sunan Roggenbier ba. Ta uku kuwa daga dafi mai kyau take amma ta yi wata tara. Kumfar ta ragu, ayaba da kanumfari duk sun dushe, wani ɗanɗano kamar na jiƙaƙƙen kwali ya shigo, alamar iska ta yi aikinta, a gindin kwalbar kuma yis ya fara mutuwa yana ba da warin romo. Giya ce ta sha da wuri, cikin wata uku ko huɗu, a ajiye ta tsaye a wuri mai sanyi da duhu.

Akwai wasu kurakuran da ya lissafa waɗanda ban ɗanɗana ba. In aka zarce da ɗauraya don kwaɗayin sukarin ƙarshe, ko ruwan ya wuce digiri 80, giyar na yin bauri kamar ɗanyen goro. In tsami ya wuce ɗan kaɗan ya koma na nono, ƙwayoyin cuta ne suka shiga, galibi ta tiyo ko bakin famfon da ba a wanke da kyau ba, kuma da yake hof ɗin kaɗan ne babu abin da zai hana su yaɗuwa. In kwalba ta yi ambaliya da buɗewa alhali ba a girgiza ta ba, ko dai an ɗura kafin yis ya gama aiki, ko hatsin ya kamu da fumfuna tun a gona.

An kawo burodin hatsin rai da man shanu da wani haɗin cuku mai laushi da jan barkono marar zafi da suke kira Obatzda. Sun dace da ita, gishirin da maiƙon suna fito da bushewar ƙarshen. Ga wanda zai bi ta yankin, yawancin naman da ke jerin abincin gidajen nan na alade ne, Schwein a rubuce, har tsiran da ba a faɗi namansa ba, don haka a tambaya. Wanda ba ya shan barasa kuma ya lura da rubutun kwalba: alkoholfrei a Jamus na iya ɗauke da barasa har rabin kashi ɗaya cikin 100, wadda babu ko kaɗan ita ake rubuta wa 0,0. Ita kanta giyar hatsin rai ba a kowane kanti ake samunta ba ko a Bavariya. Banda ƙananan madafai irin wannan, Störtebeker da ke Stralsund can arewa suna yin wata da suka haɗa da alkama, madafar Schrems a Ostiriya ma tana da tata. Jamus na girbe wajen tan miliyan 3 na hatsin rai a shekara, amma burodi da abincin dabbobi ke cinye mafi yawansa.

Gab da magariba wani manomi ya shigo da tarakta ya ja tirelarsa ƙarƙashin tukunyar tacewa, aka buɗe ƙofar ƙasa dusar ta zubo tana tururi. Ta fi ta sha'ir nauyi da danƙo, dunƙule-dunƙule take faɗowa, sai da yaron ya shiga da shebur ya kankare abin da ya manne a farantin. Shanu za a ba, kuma dole su cinye cikin kwana biyu, don da ɗuminta da sauran sukarin da ke jikinta ba ta jimawa take tsami. A ɗakin ƙasa kuwa, awa uku bayan zuba yis, farar kumfa siririya ta fara zagaye bakin tankin, ma'aunin zafi na kan 17.